Magatakardan Runfar Zaɓe a Damagaram

A farkon shekarar 2020, sanyin hunturu bai gama sakin gari ba, aka sauke kayan rajistar masu zaɓe a harabar makarantar da nake koyarwa a birnin Damagaram. Akwati ne mai ɗauke da kwamfuta da na'urar ɗaukar hoto da wani ɗan gilashi da ake ɗora yatsu a kansa. Hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ta ce a wannan karo kundin masu zaɓe zai ɗauki hoton kowane mutum da zanen yatsunsa, domin a rage gardamar da aka saba yi a kowane zaɓe kan sunayen matattu da na ƙananan yara da na wanda ya fito sau biyu a jeri ɗaya. Ni mushe ne, wato malamin firamare, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma ban taɓa yankar katin wata jam'iyya ba. Abin da ya jawo ni cikin wannan aiki shi ne ina karanta Faransanci, kuma iyayen yara sun san fuskata.

Matsala ta farko takarda ce. Ba a yi wa mutum rajista sai ya zo da shaidar da ke nuna ko shi wane ne, alhali yawancin dattawan unguwarmu, musamman mata, an haife su ne a ƙauye, ba wanda ya kai labarin haihuwarsu ofis. Kafin lokacin alƙalai sun zagaya unguwanni da ƙauyuka suna ba mutane takardar haihuwa, amma wasu sun karɓa sun manta inda suka ajiye, wasu kuma sunan da ke jikin takardar ya sha bamban da wanda ake kiransu da shi a gida. Sai na riƙa zama a gindin dogon yaro lokacin hutun yara ina karanta wa mutane takardunsu. Idan gardama ta taso kan shekaru, da manyan al'amura muke lissafi: wannan ta ce tana goyon ɗanta na fari lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, wancan ya ce an yi masa kaciya a shekarar yunwar 1984, wadda har yau tsofaffinmu ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a wancan zamani.

A cikin masu bin layi akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a ƙofar makarantarmu, wadda kowa ke kira Inna. Da ta ɗora yatsunta a kan gilashin sai na'urar ta ƙi karantawa, domin shekarun surfe da daka da zafin kasko sun shafe zanen. Yaron da ke aikin ya goge mata hannu, ya ce ta shafa yatsun a goshinta su ɗan sami maiƙo, aka sake gwadawa har sau huɗu kafin a dace. Na ce mata, “Inna, da kin koma gida kin huta, gobe kya dawo da sanyin safiya.” Ta ce, “A'a, Mushe, yau zan gama. So nake in zaɓi wanda zai dawo mini da yaron nan gida.” Jikanta take nufi, wanda na koyar a aji shida, ya shiga soja aka tura shi jihar Diffa. A makonnin nan ba abin da ake zance a layin sai Inates, inda aka kashe sojoji 71 ranar 10 ga Disamba 2019, da Chinagodrar, inda aka kashe 89 ranar 9 ga Janairu 2020. Duka biyun a jihar Tillaberi suke, tafiyar fiye da kilomita dubu daga nan, amma sojan Nijar daga kowace jiha yake fitowa, don haka zaman makoki bai tsaya a yamma ba.

Da aka kammala, an ce mutum wajen miliyan 7.4 ne suka shiga kundin a faɗin ƙasa. Bayan watanni katuna suka fito, muka sake zama muna kiran sunaye. Gab da zaɓe wani dattijon unguwa ya zo ya shaida mini cewa an sa sunana cikin waɗanda za su riƙe runfa, a matsayin magatakarda. Na ce masa, “Baba, na yarda, amma abin da akwati ya bayar shi zan rubuta, ko ya yi wa wanda ya ba da sunana daɗi ko bai yi ba.” Ya ce ai don haka aka zo wurina. Aka tara mu a wani babban zaure aka koya mana aikin: mutum biyar ke riƙe runfa, shugaba da magatakarda da mataimaka uku, ga yadda ake nuna wa jama'a akwati babu komai a ciki kafin a rufe shi, ga yadda ake ɗaure shi da hatimin roba mai lamba a rubuta lambar, ga takardar sakamako, wadda kowa ke kira PV, da gurabenta da ba a yarda a yi kankare a cikinsu ba. Na ɗauki darasin da muhimmanci kamar ranar da na fara shiga aji.

A tsakanin nan ne gari ya rikice da yaƙin neman zaɓe. Ba wannan ne karo na farko da na ga irinsa ba. Ina ɗan shekara goma sha biyar a 1993, lokacin da Mahamane Ousmane, ɗan wannan gari, ya lashe zaɓe a ƙarƙashin CDS-Rahama, kuma ina tuna yadda kalmar canji ta cika bakin yaro da babba, shekara biyu bayan taron ƙasa na 1991 da wani ɗan Damagaram ɗin, André Salifou, ya shugabanta. A lokacin mutane da kuɗin aljihunsu suke zuba mai su bi ayari. Na kuma ga yadda abin ya ƙare ranar 27 ga Janairu 1996, da Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da gwamnatin, na ga kisan Baré a Afrilun 1999, na ga tazarcen Tandja Mamadou da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Saboda haka da Issoufou Mahamadou ya ce zai sauka bayan wa'adinsa biyu, na ɗauki maganar da daraja, domin tun samun mulkin kai a 1960 ba a taɓa ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki a ƙasar nan ba.

Mutum 30 ne suka tsaya takarar shugaban ƙasa, bayan kotun tsarin mulki ta ƙi amincewa da takardun Hama Amadou, wanda magoya bayansa suka koma bayan Mahamane Ousmane na RDR-Canji. Jam'iyya mai mulki, PNDS-Tarayya, ta tsayar da Bazoum Mohamed. Tun daga Birni har Zangon, tun daga Sabon Gari har Garin Malam, ba bangon da ba a liƙa wa hoto ba. Ana zuba wa ƴan kabu-kabu mai su yi jerin gwano suna busa oda, mawaƙa da maroƙa suna kan motoci da lasifika, mata suna ɗinka atamfa mai fuskar ɗan takara, kowace fada ta samari kuma tana samun rabonta na shayi da sukari da tabarma, wani lokaci daga hannun jam'iyyu biyu a mako guda. A kasuwar Dole na ji ana lissafin taro da jaka, wato sefa dubu, wane ya ba da jaka ɗaya, wane ya ba da biyu, kamar ana cinikin gero.

Ban taɓa ganin laifin matar da ta karɓi turmin zane ba, kuma har gobe ba zan gani ba. Macen da ke tashi ƙarfe uku na dare ta jera jarkoki a bakin famfo, ko ta sayi ruwa a hannun ɗan ga-ruwa da kuɗin cefanenta, idan aka miƙo mata zane sau ɗaya a shekara biyar, ba ta da dalilin mayarwa. Laifin na mai bayarwa ne, wanda ya san cewa da zane da jaka biyu yake sayen shirunta na shekara biyar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ba a faɗa ba. Na halarci taro uku na jam'iyyu dabam-dabam, na tsaya a bayan jama'a ina saurare. An yi kirari, an zagi abokin hamayya, an yi alkawarin ruwa kamar yadda ake yi tun ina yaro, amma ban ji wanda ya tsaya ya bayyana daga ina kuɗin zai fito ba, ko yaushe za a daina karatu a ajin zana, wanda ba a iya shiga sai damina ta wuce an sami kara, ko me za a yi da samarin da suka gama makaranta suna zaune, ga matatar mai a arewacin gari tun 2011. Maganar yaƙi kuwa jimla ɗaya ce a bakin kowa, wai zai kawo tsaro, sai a buga ganga a wuce. A daren 12 ga Disamba, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, aka kai hari Toumour a jihar Diffa, aka kashe mutane da dama aka ƙona gidaje da kasuwa. Na zaci washegari ganguna za su yi shiru ko na wuni ɗaya, amma ba su yi ba.

Sai kuma maganar asali, wadda ta fi kowace ƙona mini zuciya. Wasu suka riƙa cewa Bazoum ba ɗan ƙasa ba ne, har aka kai magana kotu ta yi watsi da ita, alhali a Tesker ya tashi, cikin jiharmu, kuma a nan Damagaram ya yi karatun sakandare. Wasu daga ɗaya ɓangaren suka riƙa cewa mu Damagarawa ba mu san komai ba sai ɗan garinmu, kamar ba mu da hankalin auna magana. A ajina akwai ɗan Bahaushe da ɗan Babarbare da ɗan Bafillace da ɗan Buzu da ɗan Tubawa a kan benci ɗaya, kuma na fara jin kalmomin manya suna fitowa daga bakinsu lokacin wasa. Masu tayar da bindiga a iyakokinmu da irin wannan ɓaraka suke shiga gari, kuma duk ɗan siyasar da ya san haka ya ci gaba da hura wutar, bai cancanci ƙuri'ata ba ko daga wane gida ya fito.

Kwana uku kafin zaɓe, bayan sallar isha'i, wani mutum da na sani sama-sama ya yi sallama a ƙofar gidana. Bayan gaisuwa ya ajiye ambulan a kan tabarma ya ce, “Mushe, ga ɗan kuɗin goro, ba don komai ba, don dai a san ana tare.” Albashina bai kai ƙarshen wata ba a lokacin, kuma akwai takardar magani ta mahaifiyata a aljihuna. Na tura masa ambulan ɗin na ce, “Alhaji, na gode, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ni kuwa ranar Lahadi hannuna na jama'a ne.” Bai yi fushi ba, ya ce in sake tunani, ya tafi. Maiɗakina ta ji komai daga ciki. Ba ta ce na yi kuskure ba, ta dai tambaye ni yadda za mu yi da maganin, washegari ta sayar da tunkiyarta.

Ranar Lahadi 27 ga Disamba 2020 na isa runfa tun da asuba, hazo ya rufe gari, sanyi yana ratsa riga. Ajina ne aka mayar runfar, muka ture bencina gefe, muka kafa ɗan shingen da mai zaɓe ke shiga shi kaɗai a kusurwar da babu taga. Wakilan jam'iyyu suka zauna a jere da takardunsu, jami'an tsaro biyu suka tsaya can bakin ƙofar makaranta. Da ƙarfe takwas shugaban runfa ya ɗaga akwatunan sama ya kife su kowa ya gani, muka ɗaure, na rubuta lambobin hatimi. Akwati biyu ne, na shugaban ƙasa da na ƴan majalisar dokoki. Mai zaɓe zai miƙo katinsa, in nemo sunansa a jeri, a duba yatsunsa ko akwai tawada, a ba shi takarda ya shiga bayan shinge ya dangwala, ya ninke ya jefa, ya sa hannu a gaban sunansa, sannan a tsoma masa yatsa a tawadar da ba ta fita da wanki.

Takardar shugaban ƙasa doguwa ce, fuska talatin a jere, kuma ga wanda idonsa ya yi rauni, neman mutum ɗaya a ciki aiki ne. Wani tsoho ya daɗe a bayan shinge har aka fara gunaguni a layi, sai ya leƙo ya ce, “Ɗana, zo ka nuna mini nawa.” Na ce, “Baba, ba ni da izinin shiga, kuma ba ni da izinin sanin naka. Ka matso wajen haske ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba mai korarka.” Ya yi hakan. A wunin nan na ga abin da ban taɓa gani a wani wuri ba a garin nan. Wani babban ɗan kasuwa da ke da motocin dakon kaya ya tsaya a bayan mai gyaran takalmi, ya jira har layi ya zo kansa, kuma takardar da na ba shi ba ta fi ta mai gyaran takalmin faɗi ba. Inna ta zo da hantsi bayan ta sauke kasko, ta fito daga bayan shinge tana ɗaga yatsa, ta ce mini, “Mushe, na sauke nauyi.” Ban tambaye ta wanda ta zaɓa ba, kamar yadda ban faɗa wa kowa nawa ba.

Da ƙarfe bakwai na yamma muka rufe, muka bar waɗanda ke cikin layi suka gama. Ajin ba shi da lantarki, da fitila mai batir da hasken wayoyin wakilai muka yi ƙidaya. An fara da ƙirga takardun da ke cikin akwati a gwada da yawan waɗanda suka sa hannu, sannan a buɗe kowace takarda a ɗaga ta sama a kira sunan da ƙarfi, ni kuma ina jan sanda a allo, huɗu a tsaye ta biyar a gicciye, kamar yadda nake koya wa ƴan aji ɗaya. Jama'ar unguwa sun cika tagogi suna ƙirgawa tare da mu. Sai bayan tsakar dare muka gama akwati na biyu. Da sakamakon ƙasa ya fito, Bazoum ya sami kashi 39 da ɗoriya, Mahamane Ousmane kusan kashi 17, don haka sai an je zagaye na biyu.

Ranar da aka bayyana wannan sakamako, 2 ga Janairu 2021, ita ce ranar da mahara a kan babura suka shiga ƙauyukan Tchombangou da Zaroumdareye a jihar Tillaberi suka kashe fararen hula wajen 100. Manoma ne irin iyayen ɗalibaina, wasu watakila tawadar zaɓe ba ta gama fita daga yatsunsu ba. An yi zaman makoki na kwana uku, sannan aka koma cinikin ƙawance, Seini Oumarou na MNSD-Nasara da Albadé Abouba na MPR-Jamhuriya suka mara wa Bazoum baya. Na saurari rediyo dare da rana ina jiran ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rage ya zauna ya yi wa talaka bayani da harshen da yake ji: me ya sa yaran ƙauye ke shiga hannun masu bindiga, me sojojin Faransa da na Amurka da ke ƙasar suke yi, me ake ba matar sojan da ya faɗi da marayunsa. A ganina wanda ke neman ya zama babban kwamandan askarawa, wannan ce jarrabawar da ya kamata ya fara ci.

Zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu, ya fi sauƙin aiki ya kuma fi zafin rai. Fuska biyu ce kawai a takarda, wakilai biyu suna zaune kamar masu jiran hukunci. Wajen ƙidaya muka ci karo da wata matsala da ta ba ni tausayi: mutum zai dangwala wa wanda yake so, ya ninke takardar tawada ba ta bushe ba, sai tabo ya fito a gurbin ɗayan. Duk lokacin da aka ɗaga irin wannan sai wakilan su miƙe, wannan ya ce tasa ce, wancan ya ce ta lalace, da ta juyo kuma su musanya baki. Shugaban runfa, wani dattijo mai sanyin magana, ya dakatar da ƙidaya ya ce, “Ƴaƴana, mu tsayar da ƙa'ida ɗaya yanzu, kafin mu san wanda za ta cuta.” Aka amince cewa duk takardar da alama ta fito sosai a gurbi biyu ta lalace, kuma kowane ɓangare ya yi asarar wasu. Da kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin atamfa aka kashe wajen koya wa mutane su jira tawada ta bushe, da waɗannan ƙuri'u ba su salwanta ba. A runfarmu Mahamane Ousmane ya yi rinjaye mai nisa, kamar yadda kowa ya zata. Na cika PV ba kankare ko ɗaya, mu biyar muka sa hannu, wakilan biyu suka sa, kowa ya karɓi takardar sakamakonsa, muka rufe ambulan.

Muna cikin motar da za ta kai mu ofishin tattara sakamako na gundumarmu, akwati a kan cinyata, sai direba ya ƙara muryar rediyo. Aka ce motar ma'aikatan zaɓe ta taka nakiya a yankin Dargol na jihar Tillaberi, mutum bakwai sun rasu. Aikin da muke yi shi suka fita yi da safiyar nan, irin horon da aka ba mu aka ba su, irin akwatin da nake rungume da shi suke ɗauke da shi. Ba wanda ya ce uffan a motar sai shugaban runfarmu da ya yi salati ya ce mu karanta musu Fatiha, muka karanta.

Ranar 23 ga Fabrairu CENI ta ce Bazoum ya yi nasara da kashi 55.75. Mahamane Ousmane ya ƙi amincewa, ya ce shi ya ci, aka yi zanga-zanga a Yamai da nan Damagaram, aka ƙona tayoyi, intanet ta waya ta ɗauke wajen kwana goma. Maƙwabta suka riƙa tare ni a hanyar masallaci suna tambaya, “Mushe, kai da ka yi aikin, an sace ko ba a sace ba?” Amsata ɗaya ce ga kowa: zan iya dafa Alƙur'ani a kan akwatin da na ƙirga, abin da aka jefa shi aka rubuta, kuma takardar tana hannun wakilan duka biyu. Wannan amsa ba ta gamsar da kowa ba. Ra'ayina har yau shi ne, da kowane ɓangare ya tattara takardun wakilansa ya baje su a fili runfa bayan runfa, da gardamar ta zama ta lissafi, da ba a tura ƴaƴan talakawa titi su shaƙi hayaƙi ba. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da sakamakon ranar 21 ga Maris, ranar da aka kashe mutum 137 a yankin Tillia na jihar Tawa, aka kuma rantsar da sabon shugaba ranar 2 ga Afrilu.

Wa'adin da muka ƙirga bai kai ƙarshe ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, kuma na ga jama'a da yawa sun fito murna, har da waɗanda na gani suna rawa a tarukan 2020. Na fahimci gajiyarsu, domin wanda aka saya da zane ba zai tsaya kare akwati ba. Da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi barazanar kawo yaƙi, aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, magani da shinkafa suka yi tsada, na ƙi wannan barazana da dukan zuciyata, domin Kano da Daura da Katsina dangi ne, akwai gwaggona a can, akwai ƴaƴanta a nan. Na ji sanyi a raina da Sarkin Kano na 14, Muhammadu Sanusi II, da Sarkin Damagaram suka je Yamai tare a watan Agusta suka gana da Janar Tiani. Amma ban sauya ra'ayina ba cewa wanda ya hau da ƙuri'a, da ƙuri'a ya kamata a sauke shi, ko da ba shi na zaɓa ba. Na faɗi maganganun nan biyu a fada ɗaya, kowace ta ɓata wa rabin mazauna rai.

A watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Janar Tiani na shekara biyar, wa'adin da ke iya sauyawa gwargwadon halin tsaro. Sojojin Faransa sun tafi tun ƙarshen 2023, na Amurka sun bi su a 2024, yaƙin kuma yana nan. Jikan Inna bai dawo gida ba, daga Diffa aka mayar da shi Tillaberi, yana kiranta ranar Juma'a idan akwai layi. Kwanakin baya, bayan an tashi yara, ta kwance bakin zanenta ta fito da katin zaɓenta a naɗe cikin leda ta ce, “Mushe, duba mini, wannan yana da sauran amfani?” Na karanta mata sunanta da lambar runfarta, na gaya mata maganar shekara biyar ɗin, na ce ta adana shi inda ruwa ba zai taɓa ba. Ta ƙirga da yatsu ta ce Allah ya kai mu, ta mayar da shi ta ƙulle. Sannan ta miƙo mini wayarta ta ce Juma'a biyu ke nan bai kira ba, in nemo mata lambarsa. Na buga sau biyu, tana shiga ba a ɗauka, muka yi da ita zan dawo bayan la'asar mu sake gwadawa.